Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu tallan "shayin wankin hanta" a Kano

Assalamu alaikum warahmatullah.

Zuwa ga iyayena da yayyena masu sana'ar maganin gargajiya a garin nan, masu shago da masu kasa kaya a bakin titi, masu Islamik kemis, masu yawo a mota da lasifika, da ku ƙannena samari da 'yan mata da kuka mayar da TikTok da sitatus ɗin WhatsApp kasuwa. Ina gaishe ku, ya kasuwa, Allah ya kawo ciniki mai albarka.

Ni malamin makaranta ne, Bayoloji nake koyarwa a sakandare, haifaffen cikin birni, kuma tun kafin a je ko'ina bari in faɗa muku ni ba maƙiyin sana'arku bane. Da saiwa da sassaƙe aka raine mu, Hajiyarmu har gobe in mura ta kama ta citta da kanumfari da masoro take fara nema kafin a yi zancen kemis, kuma a cikinku akwai dattawan da nake durƙusawa in gaisar. Dan haka maganar da zan yi gyara kayanka ce, ba sauke mu raba ba.

Ranar Asabar da ta wuce na fito daga Kantin Kwari na hau adaidaita, cunkoso ya tsayar da mu, sai ga wata mota a gefenmu an buɗe but an jera kwalaye masu launin kore, mai tallan yana ta bayani a lasifika wai koren shayi ne daga ƙasar Sin, yana narkar da tumbi, yana maganin basir da dattin ciki, yana wanke hanta tas, sai kuma ya ɗan sassauta murya yace "ko me ka sha da daddare malam, ba sai ka faɗa min ba, kofi ɗaya da safe ya wanke shi." Mutanen da ke wajen suka kwashe da dariya har da direban da ya ɗauko ni. Ni wallahi jikina ne ya yi sanyi, saboda wannan maganar kusan kalma da kalma na taɓa jin ta daga bakin ƙanina, uwa ɗaya uba ɗaya, yana kwance a gadon asibiti da robar ƙarin jini a hannunsa.

Ba zan faɗi sunansa ba, kuma sai da na nemi izininsa kafin na fara wannan rubutun. Ɗan kasuwa ne, da matarsa da 'ya'yansa biyu, mutum ne mai kunya mai zumunci wanda in ka gan shi a masallacin unguwa ba za ka taɓa kawo komai a ranka ba. Shekara takwas yana shan giya babu wanda ya sani a gidanmu, ni da nake ganin na fi kowa kusa da shi ban sani ba. Abin da muka sani kawai shi ne ya koma shan koren shayi. Flas ɗinsa daban, ba madara ba suga, kwalayen a jere a saman firij, in ka je gidansa da safe sai ka tarar da shi a kan tabarma ya riƙe kofi yana kurɓa yana ɓata fuska saboda ɗaci, mu kuma muna ta yaba masa muna cewa ya fi mu kula da lafiya. Daga baya ya ƙara da wani kafso a farar roba da ya saya a wajen wani mai talla a waya, wai shi ne tataccen shayin, guda ɗaya ya fi kofi goma, kuma mai sayarwar yace masa ya riƙa sha tun kafin ya karya dan ya fi aiki.

Da abin ya fara, gajiya ce da rashin cin abinci, muka ce maleriya ce ko taifot. Sai ido ya yi ɗorawa, fitsari ya koma kamar ruwan Lipton, muka ce shawara ce aka haɗo jiƙo. Sai ciki ya fara tasowa ƙafa ta kumbura takalmi ya daina shiga, alhali hannuwa da wuya sai ramewa suke, har aka fara raɗe-raɗin sammu a cikin dangi. Wani dare wajen ƙarfe biyu matarsa ta kira ni tana kuka, na je na tarar da shi a durƙushe a tsakar gida ya rungume bokiti, abin da ke cikin bokitin jini ne, baƙi-baƙi da gudaji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A asibiti likitan ya duba shi ya danna cikin, sai yace duk mu fita waje, ya yi kusan minti ashirin da shi su biyu. Da gari ya waye na zauna a bakin gadon, bai iya kallon idona ba, bango yake kallo ya faɗa min komai, sannan ya faɗi maganar da har yau take hana ni barci, yace "Yaya ai ina shan shayin, mai maganin yace min indai ina sha babu abin da zai samu hantata."

Laifin shan giya nasa ne, ya sani, ya yi nadama, tsakaninsa da Ubangijinsa ne kuma Allah mai gafara ne. Amma sau biyu a cikin shekarun nan ya tsorata ya yi niyyar zuwa a gwada jininsa, sau biyun kuma abin da ya kwantar masa da hankali ya fasa shi ne wannan kwalin. Wannan kason naku ne, kuma shi na zo mu yi magana a kai.

Na san abin da wasunku za su ce, ai ba mu muka ƙirƙira ba, Turawa ne da kansu suka yi bincike, yana nan a intanet. Gaskiya ne akwai binciken, na zauna na karanta shi bayan abin ya faru da mu. Koren shayi da baƙin shayin da muke sha a teburin mai shayi duk ganyen bishiya ɗaya ne, bambancin shi ne koren ana turara shi ko a gasa shi da wuri kafin ya yi duhu, shi ya sa wasu sinadarai da ake kira katekin suke zama da yawa a cikinsa, babbansu shi ne wanda ake rubutawa EGCG. Wannan sinadarin yana rage wata irin ɓarna mai kama da tsatsa da take cin ƙwayoyin halittar jiki. A 2002 wasu masu bincike a Amurka sun ɗura wa ɓeraye barasa na tsawon sati 4, wasu an haɗa musu da tataccen koren shayi wasu ba a haɗa ba, sai aka ga waɗanda aka haɗa wa shayin mutuwar ƙwayoyin hantarsu ta ragu. To amma a cikin wannan binciken dai, kitsen da barasa take tarawa a hanta bai ragu ba. Kuma ɓera ne, a keji, an auna masa abinci an auna masa komai, sati huɗu kacal, a matakin farko na ciwon. Ina aka haɗa shi da magidanci ɗan shekara talatin da wani abu da ya yi shekara takwas yana sha, ga fanadol da yake afawa duk safiya saboda ciwon kai, ga rashin cin abinci a kan lokaci? Ba a nuna a jikin ɗan Adam cewa mutum zai ci gaba da shan giya shayi ya tsare masa hanta ba, kuma babu wata hukumar lafiya da ake ji da ita a duniya da ta ba da wannan shawarar. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a farkon 2023 cewa ta yi babu wani adadin giya da za a ce ba shi da illa ga lafiya, kuma a ƙididdigarta mutum miliyan 2.6 ne giya ta yi sanadin mutuwarsu a shekarar 2019 kaɗai.

Kalmar "wanki" ɗin nan ita ce take ruɗar mutane, dan Allah ku tsaya ku ji yadda abin yake. Hanta ba tukunya bace da dauɗa take manne mata a zo da soso a goge. Tsoka ce mai nauyin kusan kilo ɗaya da rabi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kuma kusan duk barasar da mutum ya sha ita ce take sarrafa ta. A wajen sarrafawar sai ta fara mayar da ita wani sinadari mai guba da ake kira asitaldihaid kafin ta ƙarasa narkar da shi, to wannan gubar a cikin naman hantar kanta ake samar da ita, a daren da aka sha, tana ƙona ƙwayoyin tun mutum yana barci. Kafin gari ya waye a dafa ruwan shayi aikin gama ya gama. Da farko kitse ne yake taruwa, wannan matakin in mutum ya daina sha gaba ɗaya hantar tana iya komawa daidai cikin makonni, ikon Allah kenan, babu wata gaɓa a jiki mai haƙuri da gyara kanta kamar hanta. In aka ci gaba sai ta kumbura ta yi rauni, raunin ya warke ya bar tabo, a sake ji mata wani a kan wancan, har tabon ya mamaye ta ta taurare ta ƙanƙance, shi ne likitoci suke ce wa sirosis. A nan jini ya kasa ratsa ta sai ya nemi wata hanya, jijiyoyin maƙogwaro su kumbura su fashe, shi ne jinin da na gani a bokiti, ruwa kuma ya taru a ciki. Babu ganyen da yake mayar da wannan tabon ya koma nama. Kuma mugun abin shi ne hanta ba ta yin ciwo da wuri, mutum zai yi shekaru yana harkokinsa garau, dan haka duk wanda yace muku "na sha shayinku na ji daidai" bai faɗa muku komai a kan hantarsa ba, kafin ya sha ma daidai yake ji.

Sai maganar kafso, wadda ta fi tayar min da hankali saboda yawancinku na tabbata ba ku san da ita ba. Tataccen koren shayi da ake matsewa a kafso ko gari shi kansa yana iya lalata hanta, ko ga wanda bai taɓa ɗanɗana giya ba. A 2003 Faransa da Sifaniya sun janye wani maganin rage ƙiba mai suna Exolise daga kasuwa, wanda da tataccen koren shayi aka yi shi, saboda mutanen da hantarsu ta taɓu. A jihar Minesota ta Amurka an yi gwaji da mata sama da dubu, aka ba wa wasunsu miligiram 843 na EGCG kullum har shekara guda, sai aka ga lambobin gwajin jini masu nuna hanta ta taɓu suna hawa a cikin masu shan kafson fiye da sauran nesa ba kusa ba, in an dakatar su sauka, in an koma su sake hawa. A 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta fito tace daga miligiram 800 zuwa sama a rana a kafso akwai alamar cutar da hanta, alhali mai shan shayin kofi na yau da kullum abin da yake samu a rana yawanci bai wuce 90 zuwa 300 ba. Kuma shan sa da yunwa yana sa ya fi shiga jini da yawa, wato dai shawarar da aka ba ƙanina ta ya sha kafin ya karya ita ce mafi muni da za a ba mutum. Robar da ya saya ko adadin abin da ke ciki ba a rubuta ba. Ranar da likita ya gan ta cewa yayi a ɗauke ta kar ya sake kusantarta.

Kar wani ya ɗauka ina cewa a daina shan shayi. Ni kaina ina zama majalisa bayan Isha'i, ga buta a kan gawayi ana ɗaga hannu sama ana tsiyaya har kumfa ta tashi, na farko mai ɗaci na biyu da na'a-na'a, kuma wannan ataya da 'yan uwanmu Buzaye suka saba mana da ita ai koren shayin Sin ne ba wani abu ba. A sha lafiya, a dai rage suga, mai ƙarancin jini da mai ciki kuma kar su riƙa haɗa shi da abinci dan yana rage shigar sinadarin ƙarfe jiki. Ku sayar da shi a matsayin abin sha mai daɗi, babu wanda zai ce muku kanzil.

Abin da nake so ku duba shi ne garin da kuke wannan tallan. A Kano tun 2000 ake shari'ar Musulunci, giya haramun ce a addini kuma doka ta hana, Hisbah a watan Fabrairun 2022 kwalabe kusan miliyan 4 ta fasa a lokaci ɗaya. Wannan adadin kaɗai ya isa ya nuna mana akwai masu sha, kuma kar mu yaudari kanmu mu ce duk baƙi ne a Sabon Gari, da 'ya'yanmu a ciki. Ga ta leda da 'yan ƙananan robobi da NAFDAC ta sanar da hanawa a Fabrairun 2024, wadda yaro zai sa a aljihun kaftani ba wanda ya lura, ga masu ɗacin nan da ake sayarwa da sunan maganin ciwon baya ko ƙarfin maza alhali da barasa aka jiƙa wasunsu. Mashayi a garin nan ba zai faɗa wa matarsa ba, ba zai faɗa wa liman ba, likita ma in ya tambaye shi rantsuwa zai yi. Mutum ɗaya ne yake iya raɓa ya yi wa raɗa, shi ne ku, saboda ku ba kwa buɗe fayil ba kwa tambayar suna. Wato a duk faɗin garin nan ku ne kuke fara jin sirrin da mu 'yan uwansa ba ma ji sai a bakin gadon asibiti. Wannan amana ce babba wallahi, kuma a daidai wannan lokacin da ya zo muku a tsorace, wanda shi ne lokacin da kalma ɗaya za ta iya juya shi, sai a miƙa masa kwali a ce ya je ya ci gaba.

Ku ƙara da ciwon hanta nau'in B da yake yawo a jinin jama'a shiru. Binciken da aka yi a faɗin ƙasar nan a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi, rigakafinsa kuma sai a 2004 aka sa shi cikin alluran jarirai, dan haka sa'o'inmu da sa'o'in ƙanina yawanci ba a yi mana ba. Mai wannan ƙwayar cutar in ya haɗa da giya hantarsa ta fi saurin lalacewa kuma ya fi kusa da kansar hanta. Cikin masu tsayawa a bayan motarku suna miƙo kuɗi akwai irinsu, su ba su sani ba ku ma ba ku sani ba, gwajin kuma ɗigon jini ne a yatsa da 'yan mintuna.

Lambar NAFDAC da kuke ɗagawa a kyamara ma a yi wa mutane bayani na gaskiya. Yawancin magungunan gargajiya lambar da ake ba su mai harafin L ce a ƙarshe, ma'anarta an duba ba a ga zai cutar ba in an sha yadda aka rubuta, ba wai an tabbatar yana maganin abin da kuke lissafawa ba, shi ya sa ake rubuta a jikin kwalin da Turanci cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Wanda bai iya karatun boko ba ku ne idonsa. Kun fi ni sanin hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yace wanda ya yi algus ba ya cikinmu, da wanda yace duk wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba to shi ne da alhakin abin da ya faru.

Roƙona gare ku, musamman shugabannin ƙungiyoyinku da dattawan da ake jin maganarsu, ku cire wannan jimlar daga bakin yaranku, ta "ko me ka sha" da duk 'yan uwanta da ake faɗa da habaici, a lasifika ne ko a rediyo ko a bidiyo. Kafson da ba a rubuta adadin abin da ke cikinsa ba ku daina karɓarsa daga hannun dillalai. In mutum ya zo muku ido ya yi ɗorawa, ko ciki ya kumbura, ko yace bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta, dan girman Allah kar ku ce ya gwada na sati biyu ya dawo, ku ce ya tafi asibiti a ranar, ga Murtala ga Nassarawa ga na Malam Aminu Kano. In kuma ya yi muku raɗa yace yana sha, ku rufa masa asiri kamar yadda kuka saba, amma ku gaya masa gaskiya cewa abin da zai ceci hantarsa dainawa ce, kuma ya faɗa wa likita ko da bai faɗa wa kowa ba. Ku sani kuma wanda ya daɗe yana sha da yawa in ya yanke lokaci ɗaya shi kaɗai a ɗaki, jiki yana iya kama rawa, ya ruɗe, har ya yi jijjiga kamar mai farfaɗiya, abin yana kisa, dan haka dainawar ma tana son likita a kusa, akwai masu wannan aikin a ɓangaren ƙwaƙwalwa na Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau, kuma zuwa can ba hauka bane. Na san a nan cinikin kwali ɗaya ko biyu zai wuce ku, Allah zai mayar muku ta wata hanyar.

Ƙanina yanzu wata goma sha ɗaya kenan bai sha ba, Alhamdulillah. Shagon nasa yaronsa ne yake zama a ciki, shi sai ya ɗan leƙa da hantsi ya dawo ya kwanta. Matarsa tukunya biyu take ɗorawa saboda nasa ba gishiri ba magi, 'yarsa ƙarama ta iya ƙirga masa ƙwayoyinsa a murfin roba ta kai masa da ruwa. Da na karanta masa wannan rubutun kafin in saka, ya yi shiru ya daɗe, sannan yace in ƙara da cewa shi ya yafe wa wanda ya sayar masa, amma yana roƙonsa kar ya sake faɗa wa wani. Ranar Talata za mu koma ganin likita, ana sa ran za a sake zuƙe masa ruwan cikin. Ku sa shi a addu'a.

Wassalam.

Naku,
wani malamin makaranta daga cikin birnin Kano.